Mai Ciwon Suga da Mai Ba Shi Magani: Shawarwari ga Iyalai a Ajingi

Mai ciwon suga da ke zaune a Toranke ko Gafasa yakan yi wata uku, har huɗu, bai zauna gaban likita ba. Sai ya haɗa kuɗin mota zuwa Babban Asibitin Gaya, in abin ya yi tsanani a wuce da shi Asibitin Malam Aminu Kano. Amma shi da mai magani, da wuya wata ya ƙare ba su haɗu ba. Abin da ke damuna shi ne haɗuwar ba ta wuce a miƙa kuɗi a karɓi leda. Ga yadda za a ƙara cin moriyarta.

1. Ku san da wa kuke magana. Duk kantin magani kemis muke ce masa, alhali akwai bambanci. Masanin haɗa magunguna a jami'a ya yi karatunsa, a sashen magani na asibiti da manyan kantuna ake samunsa. Mai kemis na cikin gari kuwa, lasisin da hukumar PCN ke ba shi na ƙananan magunguna ne. Na kirki zai auna suga, ya tunatar, ya tura asibiti. Canza magani ko ƙara yawansa aikin likita ne.

2. Ku tattara duk abin da majinyaci ke sha a leda ɗaya ku kai a duba. Duka nake nufi: na asibiti, na hawan jini, garin sassaƙen da aka saya a kasuwa, da ƙullin haɗin nan na ciwon jiki da ake sayarwa babu kwali babu suna. A nan ɓarna ta fi yawa. Dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke sha don ciwon gaɓoɓi, wasu matan kuma don su yi ƙiba, suna ɗaga suga sosai. Yawan shan diclofenac da ibuprofen yana cutar da ƙoda, ga shi ciwon suga dama ƙodar yake ci a hankali. Sau da yawa tsoho zai yi ta kukan magani ya daina yi masa aiki, ashe wata ƙwaya ce a aljihun rigarsa take rushe aikin. Kada a ji kunyar nuna na gargajiya. Wanda aka ɓoye wa abu ba zai iya ba da shawara a kansa ba.

3. Kada a bar gaban kanta sai an ji lokacin shan kowace ƙwaya. Metformin tare da abinci ake shansa, don ya rage murɗawar ciki da gudawa. Glibenclamide kuwa ba ya son yunwa: manomin da ya haɗiye shi da asuba ya ɗauki fartanya ba tare da ya karya ba, yana iya yanke jiki ya faɗi a gona. Idan Baba ko Inna ba sa karatun boko, a roƙi mai magani ya yi alama a jikin kwalin, ko ya rubuta da ajami.

4. Kowa a gidan ya san alamar faɗuwar suga: gumi, rawar jiki, jiri, matsananciyar yunwa, magana ba kan gado. Idan na'urar awon suga ta nuna ƙasa da 70, a ba shi sukari cokali uku na shayi a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a nemi abin hawa.

5. A ajiye ƙaramin littafi don rubuta awo da kwanan wata. A kuma tambayi mai awon da wane ma'auni na'urarsa ke aiki, domin iri biyu ne: abin da wata ta nuna 126, wata 7 za ta nuna. Alƙaluman 70 da 300 da ke cikin wannan rubutu na ma'aunin farko ne.

6. Masu allurar insulin su nemi a gwada musu yadda ake zuƙa da inda ake yi, a gabansu, har hannu ya saba. Zafin watan Afrilu yana lalata ta, wutar lantarki kuma kun san halinta. Dabarar sanyaya ta tana kusa da mu. Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a maƙwabciyarmu Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. A sa kwalbar a leda, a ɗaure, a ajiye a irin wannan tukunya a inuwa. Kwalbar da aka buɗe, a rubuta mata ranar buɗewa, a bar amfani da ita bayan mako huɗu.

7. Idan kuɗi ya gaza, a faɗa. Raba ƙwaya biyu ko tsallake kwana a ɓoye ya fi komai haɗari, alhali sau da yawa akwai maganin iri ɗaya na wani kamfani mai sauƙin kuɗi. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Jabu ba sabon abu ba ne a wannan fanni: da hukumar ta fito da tsarin kankare lamba a tura saƙon waya a 2010, da Glucophage, maganin suga, ta fara. Ku tambayi mai kemis ɗinku daga ina yake saro kaya, musamman yanzu da aka mayar da masu sarin magani na Sabon Gari zuwa Dangwauro.

8. Maganar azumi tun a Sha'aban ake yinta, ba daren da aka ga wata ba. Likita ne zai daidaita magani tsakanin sahur da buɗa-baki. Awon suga ba ya karya azumi, kuma in ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, a sha ruwa.

9. Ƙaya, faso, tuntuɓe ko ƙunar garwashi a ƙafar mai suga ba abin shafa man zafi a jira ba ne. Ciwon suga kan kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka ƙusa bai ji ba. Wani a cikin 'ya'ya ya riƙa duba tafin ƙafar da tsakanin yatsu kowace yamma, kuma a hana shi tafiya ba takalmi ko da a tsakar gida. Idan miki ya kwana biyu bai nuna alamar warkewa ba, ko ya fara wari, mai kemis ya rubuta takarda a tafi Gaya a ranar.