Yadda Ake Ɗaukar Mai Raino a Bagudo Ba Tare da Saɓa Doka Ba

Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya a Bagudo, wadda ke barin gida tun bakwai na safe, ba ta da makawa sai ta nemi mai raino. Daga ranar da aka yanke albashi kuwa, uwargida ta zama mai ɗaukar ma'aikata a wurin hukuma. Abin da zai kwantar mata da hankali shi ne, a yawancin gidaje ko kwabo ba za a cire na haraji ba. Nauyin da ya fi girma yana kan sanin wadda aka ɗauka da ajiye takarda.

Shekaru ake fara tambaya, kafin maganar kuɗi. Bagudo bakin iyaka ne. Daga Tsamiya zuwa Segbana ta Jamhuriyar Benin tafiya ce kaɗan, mutanen Illo da Lolo kuma suna da dangi da surukai a ƙetare. Don haka ba abin mamaki ba ne dillaliya ta shigo zaure da yarinya riƙe da ƙullin kaya a leda, ta ce, "Hajiya, marainiya ce, a riƙe ta don Allah." Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 7 ga duk wanda ya sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. Mai hankali ma ba zai tsaya a 12 ba. Wadda za a bar wa jariri gara ta haura 18. 'Yar Najeriya sai ta kawo lambarta ta NIN, wadda yanzu ita ce lambar haraji ta ɗaiɗaikun mutane. 'Yar Benin kuwa, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ta damar shigowa ta yi kwana 90 ba biza, amma zama don aiki sai da katin zama daga jami'an shige da fice.

Sai rubutu. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3, kuma a biya shi da kuɗin ƙasa. Wato naira, ko da ita ta fi son sefa don aika wa gida. Ta canja da kanta a kasuwa. Tuwo, ɗaki da atamfar Sallah kyautatawa ce, ba su zama albashi ba. Shafi guda ya isa: nawa ne a wata, ran nawa ake biya, wace rana ce hutu, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida. Kuɗin kuma a hannunta za a danƙa, ba na dillaliya ba.

Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka kafa a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, 75,000 ɗin da Gwamna Nasir Idris ya amince da shi kuma na ma'aikatan jiha ne. Duk da haka ma'auni ne mai kyau ga mai tsoron haƙƙi.

Yanzu lissafi. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 na farko a shekara. Mai raino da ke karɓar 40,000 a wata tana da 480,000 a shekara, ba ta biyan komai. Mai karɓar 70,000 ma an yafe mata, saboda dokar ta keɓe masu mafi ƙarancin albashi. Idan albashin 100,000 ne, jimla miliyan 1 da dubu 200 ke nan. A cire 800,000, saura 400,000, a ɗauki kashi 15 cikin 100. Ya kama 60,000 a shekara, 5,000 a wata, zai ma ragu idan tana biyan hayar ɗaki, domin akwai rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin haya.

Abin da aka cire daga albashinta ba na Abuja ba ne. Hukumar tattara haraji ta Jihar Kebbi, mai hedikwata a Birnin Kebbi, ake biya, kafin 10 ga wata mai zuwa ya wuce, a karɓi rasit. Zuwa 31 ga Janairu kuma a miƙa bayanin abin da aka biya a shekarar da ta gabata.

Akwai guda da ake mantawa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci 'yan aikin gida ƙarara, muddin ba dangin maigida ba ne. Ana biyan kashi 1 cikin 100 na albashi ga asusun NSITF, daga aljihun maigida, ba daga na mai rainon ba: naira 400 ke nan a kan 40,000, domin ranar da tafasasshen ruwa ya ƙona ta a bakin aiki. Fansho bai zama dole a kan mai ma'aikaciya ɗaya ba, amma mai rainon tana iya buɗe ƙaramin asusun fansho na ganin dama.

A ƙarshen kowane wata a rubuta rana, adadi da abin da aka cire a littafi guda, ta sa hannu ko ta dangwala yatsa.