Ba Diddige Ne Mai Laifi Ba

Yawancin samarin da ke kawo min kukan ciwon ƙwauri ko gwiwa a nan Minna masu shirin shiga soja ne ko ɗan sanda, sai 'yan ƙwallo. Su ne za ka gani bayan sallar Asuba sun kama hanya daga Chanchaga zuwa wajen madatsar ruwa ta Tagwai. Maganarsu kusan ɗaya ce: "Koci, an ce in daina sauka a diddige, in riƙa gudu a kan yatsu kamar 'yan Kenya." Yaro ya gani a YouTube, ya sauya taku dare ɗaya, kafin wata ya zagayo ga shi yana ɗingishi, agara ta kumbura, sha-raɓa ta ɗaure tamau.

Zancen yana da tushe. A 2010 Daniel Lieberman na jami'ar Harvard ya nuna cewa waɗanda suka tashi suna gudu ba takalmi, har da wasu 'yan Kenya, sun fi sauka a gaban tafin ƙafa. Ga kuma Abebe Bikila na Habasha da ya lashe gudun fanfalaki a Rum a 1960 babu takalmi. Amma da masana suka ɗauki hoton masu gudun fanfalaki a gasar duniya ta Landan a 2017, sai aka ga mafi yawansu a diddige suke sauka, har da maza huɗun da suka zo farko. Sauka a yatsu ba ya kawar da nauyi, kwashe shi yake daga gwiwa ya jibga wa idon sawu da agara.

Ni abin da nake dubawa shi ne inda ƙafa ke faɗuwa. Nakan tsugunna a bakin hanya in ɗauki mai gudu da waya ta gefe, sannan mu rage saurin hoton mu kalla tare. Mai ciwon nan, sai ka ga ya wurga ƙafa can gaba, gwiwa a sandare, yatsu na kallon sama, diddige ya daki ƙasa nesa da ƙugu. Tamkar mai babur ne da ke murɗa totur yana taka birki. Sau da yawa ma kunne ke fara gaya min, don tun daga nesa ake jin tim-tim ɗinsa a kwalta.

Gyaran yana cikin ƙidaya. Ka ƙirga sau nawa ƙafarka ta dama ta taɓa ƙasa cikin daƙiƙa 30, ka ninka sau 4. In ka samu 160 a minti, ka ƙara kashi 5 cikin 100, ka nufi 168, ba tare da ƙara saurin gudun ba. Takun zai gajarta da kansa, ƙafa ta dawo kusa da ƙarƙashin jiki, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Binciken jami'ar Wisconsin na 2011 ya nuna ɗan ƙarin nan yana rage wa gwiwa duka. Kada ƙidayar taku 180 a minti da ake yayatawa ta dame ka: koci Jack Daniels ya ƙirgo ta ne a jikin zakarun Olamfik na 1984 suna tsakiyar tsere, kuma dogo da gajere takunsu ba ɗaya ba.

Sauran jiki bai da wuya. Ka miƙe, ka saki kafaɗa, hannu ya riƙa zuwa gaba da baya, kada ya gitta ƙirji.

Takalmi kuwa, na san gwanjo muke saya, ba laifi. Sai dai kafin ka biya, ka ajiye shi a kan tebur ka leƙa ta baya. In ya karkace gefe guda, takun mai shi na farko za ka gada. Takalmin ƙwallo kuma ba na kwalta ba ne. In da hali, a raba gudu tsakanin kwalta da hanyar ƙasa.

Ciwon da ya bazu a ƙwauri yakan lafa in an rage gudu. Wanda ya tsaya wuri ɗaya, har kana iya ɗora yatsa a kansa, yana kuma damunka ko tafiya kake, yana iya zama tsagewar ƙashi. Wannan ba na man zafi da tausa ba ne. A ajiye gudu, a je asibiti a duba.