Sauke Kiɗan Jita a Kan Tsirkiya Huɗu

Duk wanda ya taɓa riƙe wayar Nokia a Funtua ko Malumfashi ya san wani guntun kiɗan jita na Turai, ko da bai san sunansa ba. Ƙarar nan da wayar ke yi in an kira, an gutsuro ta ne daga Gran Vals, kiɗan da Francisco Tárrega, mutumin Sifaniya, ya tsara a 1902. Saurayin da ya samu ukulele, 'yar ƙaramar jitar nan da ta samo asali a tsibiran Hawai bayan isar 'yan ci-ranin Fotugal a 1879, ba zai sha wuya ba wajen fitar da waɗannan sautuka 13. Wahalar tana zuwa ne ranar da ya ce sai ya kaɗa kiɗan gaba ɗaya da yatsu, yadda ake yi a jita. Nan hannu ke cijewa, sai ya ɗora wa yatsunsa laifi, ko ya ce ai abin na wasan yara ne.

Laifin na ɗaukar kaya fiye da kima ne. Jita tsirkiya shida gare ta, ukulele huɗu, kuma biyun da aka rasa su ne masu kaurin amo, waɗanda babban yatsa ke takawa a matsayin gindin kiɗa. Huɗun da suka rage tazararsu ɗaya da ta siraran tsirkiyoyin jita, sai dai an ɗaga su gaɓa biyar, saboda haka zaman yatsun hannun hagu yakan zo daidai. Akwai kuma tarko guda: tsirkiya ta huɗu, wadda ake kira G, a yawancin ukulele siririya ce, sai babban yatsa ya nemi amo mai kauri ya ji tsiwa. Wanda ya nace sai kowane sautin jita ya samu gurbi zai ƙare da murɗa yatsu, karin kuma ya ɓace a tsakiya.

Hanyar ita ce a rabe kiɗan gida biyu, kuma mutumin Funtua, garin da Mamman Shata ya zauna, ba ya buƙatar dogon bayani a nan: akwai muryar mawaƙi, akwai kalangun da ke riƙe da ita. Manuniya da yatsan tsakiya su ne mawaƙin, babban yatsa shi ne makaɗin. Fara da rera karin da baki har ya zauna, kana tafa cinya. Sannan nemo shi a siraran tsirkiyoyi biyu, yatsun nan biyu suna karɓa-karɓa, kada ɗaya ya yi ta bugawa shi kaɗai. Sai karin ya daina tuntuɓe za a shigo da babban yatsa, shi ma sau ɗaya tak a kowane zagaye. Gran Vals taku uku-uku yake tafiya, to ka ba takun farko amonsa mai kauri, ko ka ɗauko shi daga sama in babu shi a ƙasa, na biyu da na uku kuma ka bar musu sauti ɗaya ko biyu. Wanda yake da hali ya sauya tsirkiyar G da mai kauri, zai ji kiɗan ya samu wurin zama. A yi komai a hankali ƙwarai, a naɗi kai a waya a saurara, domin kunne yakan yafe wa hannu kuskure yayin da ake cikin kaɗawa.

Wani zai ce wannan ai yi wa aikin mai shi gundul ne. Maganar tana da nauyi, don tabbas akwai abin da ake rasawa, musamman zurfin amo da daɗewarsa. Amma Tárrega kansa ya ɗauko kiɗan fiyano na Chopin da Beethoven ya zaunar a kan jita, kuma bai yi haka ba sai da ya zubar da sautuka masu yawa. Ba'amurke John King, wanda ya rasu a 2009, ya kaɗa ayyukan Bach a ukulele har masana suka jinjina masa. A gida kuma, Ɗan Maraya Jos ya yi suna a duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, garaya ta maharba kuwa biyu gare ta. Abin da mai sauraro ke riƙewa shi ne kari da taku, kuma su ne ba a taɓawa.

Ƙorafi na biyu ya fi kusa da mu: hannun da ya sha fartanya duk damina, ga kanta, ga farce a kakkarye, ina shi ina wannan kiɗa? Tara farce ba sharaɗi ba ne. Makaɗin jita Fernando Sor, wanda ya rasu a 1839, da tsokar yatsa yake kaɗawa, Tárrega ma ya yanke faratansa a ƙarshen rayuwarsa don neman amo mai taushi. Kanta a hannun hagu ma riba ce wajen danna tsirkiya. Abin lura kawai shi ne kaushi ko faso a kan yatsun dama, don yana kama tsirkiyar roba ya sa ta ƙara; a goge shi, a shafa man kaɗanya da dare.

Lokacin koyo mafi dacewa shi ne bayan an kai masara da dawa rumbu, minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Juma'a kaɗai. Sai dai lokacin hunturu ne, busasshiyar iska na iya tsaga katakon, don haka a ajiye ukulele cikin jakarta nesa da rana da murhu. Sabuwar tsirkiya kuma takan yi kwanaki tana saki, a riƙa saita ta kafin kowane zama.