Bazarar 1845: John Ruskin da Zanen Tsofaffin Gine-ginen Italiya

Manufar wannan maƙala ita ce a duba tafiyar da wani mutumin Ingila, John Ruskin, ya yi zuwa Italiya a shekarar 1845, da irin zanen da ya yi na tsofaffin gine-gine a can, da kuma ra'ayin da ya komo da shi game da gyaran kayan tarihi. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da wannan? Amsa ita ce, duk mai nazarin al'ada ba ya rasa ranar da zai tsaya gaban wani abu da ke shirin ɓacewa, ko waƙa a bakin tsohuwa ko soro a lungu, ya rasa yadda zai riƙe shi. Ruskin ya yi wata bakwai a irin wannan hali, da fensir a hannunsa.

An haifi Ruskin a Landan a 1819. Mahaifinsa attajiri ne mai fataucin giya, kuma shi kaɗai Allah ya ba su, saboda haka kusan kowace bazara sai iyayen su sa shi a keken doki su tafi yawon buɗe ido. Bazara a nan ta Turai ake nufi, watau watannin da sanyi ya ja da baya, yini ya yi tsawo, har mutum ya iya zama a waje ya yi aiki. A 1843 ya fitar da juzu'i na farko na littafinsa Modern Painters, inda ya kāre mai zanen nan Turner daga masu kushe shi. Don ya rubuta juzu'i na biyu sai ya ga lalle ya je ya ga aikin magabatan masu fenti na Italiya da idonsa. Ya tashi a farkon Afrilu na 1845 yana da shekara 26, tare da baransa da wani jagora mutumin Chamonix mai suna Joseph Couttet. Wannan ce tafiyarsa ta farko ba tare da iyayensa ba, kuma kusan kullum sai ya rubuta musu wasiƙa. An tara wasiƙun an buga a 1972, shi ya sa ake iya bin sawunsa gari gari.

Abin lura shi ne, hotunan fenti ya fita nema. Gini a hanya ya tare shi.

Daga Lukka zuwa Pisa

A farkon Mayu ya sauka Lukka, wani ƙaramin birni mai ganuwa a yankin Tuskani. A tsakiyar garin akwai majami'ar San Michele, wadda aka gina fuskarta a ƙarni na 13. Fuskar nan hawa huɗu ce na ƙananan ginshiƙai, da wuya a sami biyu iri ɗaya: wani a murɗe, wani a ɗaure kamar ƙulli, wani da zane. A saman kowane hawa an dasa siffofin namun daji da karnuka da mafarauta, da fari da koren dutse. Ruskin ya zauna a dandalin ya zana wani sashe na wannan fuska da fensir da fentin ruwa.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan yadda yake zanen, domin a nan ne ya bambanta da sauran. Al'adar masu yawon zane a zamanin ita ce su nemi wuri mai kyaun gani, su ɗauko ginin gaba ɗaya, su ƙara masa gajimare da 'yan mutane a gindi, in wata taga ta ɓata tsari su kau da ita. Hoton zai yi kyau a bangon falo, amma ba za a iya kafa hujja da shi ba. Ruskin kuwa sai ya ɗauki yanki guda, alal misali ginshiƙai biyar ko shida, ya bi su dalla-dalla: inda dutse ya tsage, inda ciyawa ta tsiro a tsaga, inda rana da ruwan shekaru ɗaruruwa suka sauya launi. Sauran takardar sai ya bar ta fara, ko ya ja layi biyu uku ya wuce. Mai kallo na farko zai ce aikin bai ƙare ba. A ganina ya ƙare, domin abin da idonsa ya tabbatar shi kaɗai ya sa, abin da bai duba da kyau ba bai yi masa shaidar zur ba.

Daga nan ya wuce Pisa, ya yi kamar mako biyu. A can akwai Campo Santo, wata tsohuwar maƙabarta mai rufaffen zagaye, bangonta cike da hotunan da aka zana a kan ɗanyen yaɓe tun ƙarni na 14 da na 15. Ya tarar yaɓen yana zubewa, ga kuma an fasa wasu wurare don a kafa allunan tunawa da mutanen da ba su daɗe da mutuwa ba. Sai ya duƙufa kwafar abin da ya saura. Haka kuma ya zana wata 'yar majami'a a bakin kogin Arno, Santa Maria della Spina. Tun daga Pisa wasiƙunsa suka sake murya, suka zama na mutumin da ke tsere da masu guduma.

Ya yi fiye da wata guda a Fulorans yana nazarin hotuna, sa'an nan zafi ya kore shi zuwa Macugnaga, wani ƙauye a gindin dutsen Monte Rosa, inda ya koma zanen duwatsu da rafuka. A ƙarshen Agusta tsohon malaminsa na zane, J. D. Harding, ya iske shi, suka nufi gabas tare.

Benis

Sun isa Benis, birnin da Larabawa ke kira Bunduƙiyya, a watan Satumba. A lokacin garin yana hannun Ostiriya. Ruskin ya san shi tun yana yaro, sa'ad da ba a shigarsa sai da kwale-kwale. Wannan karon abin da ya fara gani shi ne gadar jirgin ƙasa mai baka 222 da ake gab da gamawa, wadda aka buɗe a Janairun 1846. A bakin babbar hanyar ruwa kuma an kafa fitilun gas. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Amma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne gidan da ake kira Ca' d'Oro, watau Gidan Zinariya, wanda wani attajiri, Marino Contarini, ya gina a farkon ƙarni na 15, aka shafa wa adon fuskarsa ruwan zinariya. A 1845 ana cikin yi masa kwaskwarima a ƙarƙashin wani mai tsara gini, Giovanni Battista Meduna, ana ɓamɓare tsofaffin duwatsu, ana sake tagogi. Ruskin ya zauna yana zana gidan leburori suna fasa shi a gabansa. Wannan zane yana nan, rabinsa a cike rabinsa a buɗe.

Abubuwa biyu kuma suka same shi a Benis. Na ɗaya, ya shiga zauren San Rocco ya ga manyan hotunan Tintoretto, suka girgiza shi har ya ƙudura nazarin tarihin birnin da ya haifi irin wannan gwani. Na biyu, ya sayi wasu ƙananan hotuna na farantin ƙarfe, irin dabarar da Daguerre ya fito da ita a Faransa a 1839, daga hannun wani Bafaranshe. Ya yi murna da su matuƙa, domin abin da zai ɗauke shi kwanaki, na'ura ta kama shi da kowace tsaga. Duk da haka bai ajiye fensir ba. Na'urar ba ta kama launi, sa'an nan wanda ya yi kwana uku yana bin ginshiƙi ɗaya da ido ya san shi sanin da mai riƙe da hoto bai yi ba. Ya koma Ingila a farkon Nuwamba.

Kalmar Gyara

Abin da bazarar nan ta haifar ya fito fili a littafinsa The Seven Lamps of Architecture na 1849, sa'an nan The Stones of Venice mai juzu'i uku, 1851 zuwa 1853. Ra'ayinsa a taƙaice shi ne, a cire tsohon dutse a sa sabo mai kama da shi rushewa ce, har ta fi rushewar sakaci muni, domin tana zuwa da ƙarya: mai kallo zai zaci aikin magabata yake gani alhali kwaikwayo ne. Abin da ya yarda da shi shi ne kulawa ta yau da kullum, a toshe rufi in ya yoyo, a share magudanar ruwa, a tokare bango in ya karkata. A kan wannan ra'ayi William Morris ya kafa ƙungiyar kāre tsofaffin gine-gine a Ingila a 1877.

A nan Hausa ta ba mu wuya, domin kalma ɗaya muke da ita ga duka biyun. Wanda ya share indararo kafin damina gyara ya yi, wanda ya rushe zaure ya tayar da na siminti shi ma cewa zai yi gyara ya yi. Daɗin daɗawa, ra'ayin Ruskin a kan dutse aka gina shi. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe, kuma yaɓe rufe tsohuwar fuska ne da sabuwa, watau ainihin abin da yake ƙi. Abin da ke dawwama a ginin ƙasa shi ne sanin magina, ba fatar bango ba. Amma batun zane da awo kafin a taɓa gini ya shafe mu kai tsaye. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, kusan sa'an wannan tafiya ne a shekaru. Da aka sake masa fasali a shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini, awo da zanen da Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, ya riga ya yi su suka zama madogara ga mai son sanin yadda yake a da.

Ba kuma za a ce Ruskin ya yi daidai a kome ba. Ɗan attajiri ne baƙo, yana son Benis ta zauna ba jirgi ba fitila don ta yi masa kyaun zane, bai cika tunanin mazauna garin da ke neman abinci ba, kuma a wasiƙunsa yakan yi wa Italiyawa kuɗin goro da zagi. Wasu gine-ginen ma da gaske suna shirin faɗuwa. Majami'ar Spina ambaliyar Arno ce ke cinta, shi ya sa a 1871 aka kwance ta dutse dutse aka sake tayar da ita a bisa tudu, ko da yake an yi hasarar sassaƙa da yawa wajen aikin.

Sauran wuraren ma kowanne ya ga tasa. Ca' d'Oro ya yi sa'a: Giorgio Franchetti ya saye shi a 1894, ya warware yawancin aikin Meduna, ya ba gwamnati kyauta a 1916. Campo Santo kuwa, ran 27 ga Yuli 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, harsashi ya kunna wa rufinta wuta, dalma ta narke ta kwarara a kan hotunan. Ita kuma San Michele ta Lukka, a shekarun 1860 aka sake yawancin ginshiƙanta, har masu aikin suka sassaƙa kawunan manyan zamaninsu, irin su Garibaldi da Cavour, a cikin adon ƙarni na 13. Majami'ar tana nan tsaye, ana shiga ana fita. Amma da Ruskin ya zama farfesa a Oxford ya ba makarantar zanensa hoton nan na 1845, wanda ke gidan tarihi na Ashmolean yanzu, a jerin kayan sai ya rubuta ta a matsayin majami'ar da aka riga aka rushe.