Kilematis da Garahuni: Dabarar Hawan Darni

Kilematis tsiro ne mai yaɗo, mai kyawawan furanni, wanda masu lambu a Ingila ke ji da shi. Karansa siriri ne, ba ya miƙewa sai da majingina. A shekarar 1865 masanin halittu Charles Darwin ya bayyana dabararsa: sandar ganyen ce ke lanƙwasa da zarar ta taɓa wani abu, ta naɗe shi, sannan ta taurare.

Da wuya nau'insa na Turai ya jure zafin bazarar Kazaure. Amma garahunin da ke hawa darni da damina, daga Roni har Gwiwa, ya ishi ɗalibi nazari, ko da yake shi da wani siririn zare yake kamu. Gefen zaren da ya taɓa kara kan rage girma, ɗaya gefen ya ci gaba da tsawo, sai zaren ya murɗe.

Nan ne lambunan makarantu kan yi kuskure. Zaren ba ya iya zagaye gungume, don haka igiya ko siririn kara za a kafa masa. A ƙasa mai rairayi irin ta Babura kuwa, a jira ruwa ya zauna kafin shuka, a kuma lulluɓe gindinsa da ciyawa.