Allurar bitamin B12: kada a tsallake ranarta

'Yan'uwa, bitamin B12 yana taimakon jiki ya yi jini, yana kuma kiyaye jijiyoyi. Akwai shi cikin nama, hanta, kifi, ƙwai da nono. Amma cikin wasu ba ya iya tsotse shi, ko sun ci. Alamunsa su ne gajiya, ɗashewar ido, zafin harshe, da jin kamar kiyashi yana tafiya a ƙafa.

Maganinsu allura ce. Da farko akai-akai, daga baya sau ɗaya a wata ko a wata 3, yadda likita ya rubuta, muddin rai.

Jin sauƙi ba warkewa ba ne. Wanda ya daina, jijiyoyinsa suna iya lalacewa har abada. Ku adana katinku. Ko ana tsakiyar noma, ku zo ranar allura.