Yadda Ake Sayen Osiloskop Na Hannu Ba Tare Da An Sayo Wahala Ba

Mai gyaran inbata ko amfilifaya da ya ci karo da Tektronix 2465B a eBay ko a kasuwar Alaba ta Legas, a farashin gwanjo, dole ransa ya biya. Na'ura ce mai megahaz 400, a zamaninta sai manyan ɗakunan bincike. Amma wanda ya san kan abin ba ya fara taya ta sai ya juya bayanta.

Can baya ne makunnin zaɓen wuta yake. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya da Nijar kuwa ta haura 200. Duk wanda ya jona ba tare da ya sauya shi ba, hayaƙi zai gani.

Idan ta kama, sai ya bar ta ta yi zafi kamar minti 20, yana lura ko gwajin da take yi wa kanta ya nuna matsala. Daga nan ya maƙala igiyar awo a ɗan ƙarfen gwaji da ke gabanta, tasha bayan tasha. Layin da ya dusashe ko da an ƙure haske yana nufin kwalbar allon ta tsufa, kuma an daina ƙera ta.

Sai a buɗe murfi, in mai kaya ya yarda. Ƙananan kapasitocin wasu 2465B sukan yi yoyo, ruwan ya cinye layukan tagulla. Farin tabo da ƙarni kamar na kifi su ke tona asirinsu. Wannan gyaran araha ne in an tare shi da wuri. Guntun kamfanin Dallas mai riƙe da bayanan saiti batirinsa a cikinsa yake, an yi masa alkawarin shekara 10, ga shi ya haura 30. In ya mutu kafin a kwafe bayanan, sai an sake saiti daga farko da kayan awon da mai shago bai da su. Guntun U800 kuwa, mai tafiyar da layin kwance, in ya lalace akan ciro wani daga wata matacciyar na'urar.

Lissafin ƙarshe a takarda ake yinsa: kuɗin saye, dako, kwastan, kayan gyara, ladan saiti. Sai a ɗora jimillar kusa da sabuwar Rigol DS1054Z, mai tasha huɗu da garanti, wadda ta yi suna a wajen dala 400. Megahaz 50 gare ta kawai, amma ta ishi mai inbata. Mai aikin na'urorin watsa shirye-shiryen rediyo ne ke da dalilin komawa ya taya tsohuwar.